Yadda Ake Zaɓen Mahaɗi Mai Rarraba Nauyi Don Jan Tirelar Tafi-da-gidanka

Tirelar tafi-da-gidanka ɗakin kwana ce mai tayoyi da ake ja da mota. Da zarar an sauke wuyanta, wato ƙarfen da ya miƙo daga gabanta, a kan ƙwallon ja na bayan mota, sai bayan motar ya duƙa, gabanta kuma ya ɗaga. Duƙawar bayan kowa na ganinta. Ɗagawar gaban ce ba a cika lura da ita ba, kuma ita ce mai haɗari, domin tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan nauyi ya bar kansu, sitiyari sai ya yi sakwa-sakwa a hannu, tsayawa ta ƙara nisa, fitilu su riƙa haska idon masu zuwa maimakon kwalta.

Dalilin a bayyane yake. Ƙwallon ja yana can bayan aksil na baya, saboda haka aksil ɗin ya zama madogara. A ce tazarar da ke tsakanin aksil na gaba da na baya mita 3.6 ce, daga aksil na baya zuwa ƙwallo kuma mita 1.2. Idan ka ɗora kilo 390 a kan ƙwallon, kusan kilo 130 zai bar tayoyin gaba, tayoyin baya kuma su ɗauki kilo 520, wato nauyin da ka ɗora haɗe da wanda ya gudo daga gaba.

Mahaɗi mai rarraba nauyi an yi shi ne don ya gyara wannan. Yana da sandunan sifirin guda biyu da ke fitowa daga kan mahaɗin su miƙe baya, a ɗaure ƙarshensu a wuyan tirela. Idan aka ɗaga ƙarshen sandunan aka ɗaure, sai su yi aiki irin na hannayen baro: ɗaga hannayen yana tura nauyi zuwa tayar gaba. Wani kaso na nauyin ya koma aksil na gaba na mota, wani ɗan kaso kuma ya tafi kan tayoyin tirela. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya, kuma duk wanda ya saya da wannan niyya ya sayi abin da ba zai yi masa amfani ba.

Mataki na farko: karanta lambobin motarka kafin ka duba kowane mahaɗi

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. A motocin da ake sayarwa a Amurka da Kanada, inda wannan irin mahaɗi ya fi yawa, akwai sitika da ke nuna iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Wata sitikar kuma tana ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar nauyin da kowane aksil zai ɗauka. A littafin mota za ka samu GCWR, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Masu talla sun fi son faɗin nauyin da mota za ta iya ja, saboda lamba ce babba mai daɗin ji. Amma a wajen tirelar tafi-da-gidanka, lambar da ke fara cika ita ce ta ɗaukar kaya. Ga misali. Sitika ta ce kilo 700. Mutum huɗu sun ci kilo 280. Kayan da ke bayan mota kilo 80. Mahaɗin kansa, idan na ƙarfe ne mai sanduna, ya kai kilo 40 zuwa 45. Saura kusan kilo 295 ke nan don nauyin wuyan tirela. Idan wuyan naka ya kai kilo 380, ka riga ka wuce iyaka, ko da kuwa littafin ya ce motar za ta ja tan huɗu. Babu mahaɗin da zai warware wannan lissafi. Ko dai a rage kaya, ko a nemi ƙaramar tirela, ko a sauya mota.

Sai ka durƙusa ka duba gidan mahaɗi, wato bututun nan mai kusurwa huɗu da ke ƙarƙashin bayan mota. A jikinsa akwai lambobi kashi biyu: ɗaya na ja da ƙwallo kawai, ɗaya na ja da mahaɗi mai rarraba nauyi. A wasu a-kori-kura masu rabin tan, kashin farko ba ya wuce laba 5,000 na tirela da laba 500 na wuya, wato kusan kilo 2,270 da kilo 227. Wuce wannan, kamfanin ya wajabta sa sanduna. Idan gidan mahaɗin ba shi da kashi na biyu kwata-kwata, mai yiwuwa ba a yi shi don wannan aiki ba, domin sandunan suna murɗa shi da ƙarfi sosai, irin murɗawar da ja da ƙwallo kawai ba ya yi.

Haka nan ka karanta littafin mota da na tirela a kan wannan batu musamman. Wasu ƙananan jif da aka ƙera bodi da shasi a haɗe, kamfanoninsu sun hana a sa musu irin wannan mahaɗi. Wasu tireloli masu wuyan alminiyom ko siririn firam su ma an hana, ko an ƙayyade ƙarfin sandunan da za a sa. A Turai ma abin bai yaɗu ba, saboda tirelolinsu an ƙera su da wuya marar nauyi, kuma sukan dogara ne da bakin tirela (abin da ke kifuwa a kan ƙwallo) mai matse ƙwallon don rage tangaɗi.

Mataki na biyu: auna nauyin wuya, kada ka karanta shi a takarda

Nan ne zaɓin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kansa.

Lambar da kamfanin tirela ke bugawa ta tirela ce wofi, kamar yadda ta bar masana'anta. Galibi babu batir, babu gas a tukwane, babu ruwa a tanki, balle kayan sawa da na girki. Batir da tukwanen gas kuwa a kan wuyan suke zaune, kusan duk nauyinsu yana sauka a ƙwallo. Ma'ajiyar kaya mafi girma ita ma a gaba take a yawancin tireloli. Ruwa kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 150 da ke gaban aksil zai iya sauya lissafin gaba ɗaya tsakanin tafiya da dawowa. Tirelar da takarda ta ce wuyanta kilo 250 ne, ba abin mamaki ba ne a same shi ya haura kilo 350 bayan an yi lodi.

Ƙa'idar da aka sani ita ce nauyin wuya ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da lodinta. Ƙasa da kashi 10, tirela tana saurin kaɗa wutsiya. Masu dogayen tireloli sukan nemi kashi 12 zuwa 13. Idan ba ka sayi tirelar ba tukuna, ɗauki GVWR ɗinta ka fitar da kashi 13, ka yi aiki da wannan. Zai fi kusa da gaskiya fiye da lambar takardar talla.

Idan tirelar tana hannunka, yi mata lodi kamar gobe za a tafi, sannan ka auna. Hanyoyi uku ne.

Mafi sauƙi ita ce ɗan sikelin da aka yi musamman don wuyan tirela, ana sa shi ƙarƙashin bakin tirela ko ƙarƙashin jak. Sharaɗin kawai shi ne tirelar ta kasance a miƙe daidai, a ƙasa mai faɗi, an kuma tokare tayoyinta.

Ta biyu da sikelin awon mutum ake yinta. Tunda ba zai ɗauki nauyin kai tsaye ba, sai a shimfiɗa katako mai kauri, gefe ɗaya a kan bulo, ɗaya gefen a kan sikelin, a sa guntun bututu ƙarƙashin kowane gefe don nauyin ya sauka a wuri guda. Ƙafar jak ta tsaya santimita 30 daga bututun bulo, santimita 60 daga bututun sikeli. Abin da sikelin ya nuna, bayan an cire nauyin katakon, a ninka sau uku. Tana ba da ƙiyasi mai kyau, amma ga tirela mai nauyi sosai ban ba da shawarar a dogara da ita ba.

Ta uku ita ce mafi inganci: babban sikelin manyan motoci mai faranti uku, irin na CAT Scale da ke tashoshin manyan motoci a Amurka da Kanada. Ana hawa da mota ita kaɗai, da mutane da kaya a ciki da kan mahaɗin a jikinta, a rubuta nauyin gaba da na baya. Sai a haɗa tirela ba tare da ɗaure sanduna ba, a sake hawa. A ce karon farko gaba ya nuna kilo 1,450, baya 1,150, jimla 2,600. Karo na biyu gaba 1,320, baya 1,660, jimla 2,980, tayoyin tirela kuma 2,520. Bambancin jimlar mota, kilo 380, shi ne nauyin wuya. Tirelar gaba ɗaya kilo 2,900 ce, wuyan ya kama kashi 13 cikin ɗari. Takardar ta kuma nuna maka kilo 130 da ya bar tayoyin gaba, wanda shi ne abin da za ka nemi sanduna su dawo da shi, duka ko wani kaso.

Akwai ƙari ɗaya da ake yawan mantawa. Duk kayan da ke cikin mota a bayan aksil na baya, kamar janareto ko akwatin kayan aiki, suna danna bayan mota kamar yadda wuyan tirela ke yi, kuma sandunan ne za su yi fama da su. Haɗa nauyinsu da na wuya kafin ka zaɓi ƙarfin sanduna.

Mataki na uku: ƙarfin sanduna

Ana sayar da sanduna da lambar laba: 600, 800, 1,000, 1,200, 1,400, wasu kamfanonin da ɗan bambanci. Kowane mahaɗi yana da lamba biyu, ta wuya da ta tirela gaba ɗaya, misali 1,000 da 10,000. Duka biyun dole su kai nauyinka, amma ta wuyan ce ke yanke hukunci.

A misalinmu, kilo 380 ya kusa laba 840. A ƙara kilo 45 na kayan bayan aksil, wato laba 100, an samu 940. Sandunan laba 1,000 ne suka dace. Idan kamfanin ya rubuta iyaka biyu, kamar daga 600 zuwa 1,200, nemi wadda nauyinka ya faɗa tsakiyarta ko ɗan sama da tsakiya.

Mutane da yawa sukan ce bari su sayi 1,400 don a samu rara. A ganina wannan kuskure ne, ko da yake ya yi kama da taka-tsantsan. Sanda sifirin ce, dole ta lanƙwasa kafin ta yi aikinta. Idan ta fi ƙarfin nauyin da ke kanta, sai ta zama ƙarfe mai tauri kawai, kowane rami da kowane tudu ya wuce kai tsaye zuwa firam ɗin tirela da gidan mahaɗin mota. Tafiya ta yi tsauri, kayan cikin tirela su yi ta jijjiga, wuyan tirela mai siririn ƙarfe kuma yana iya lanƙwasa ko ya tsage a wurin walda. Sandar da ta yi rauni ita ma matsala ce, za ka ɗaure ta har iyaka amma gaban mota bai sauko ba. Abin nema shi ne lamba ta farko da ke sama da nauyin da ka auna.

Mataki na huɗu: wane iri, kuma yaya yake hana tangaɗi

Rarraba nauyi daban, hana tangaɗi daban, ko da yake yawancin mahaɗan yanzu sun haɗa biyun. Tirelar tafi-da-gidanka doguwa ce mai faɗin gefe, iska na kama ta, kuma duk babbar motar da ta wuce sai ta tura ta sannan ta jawo ta. Saboda haka batun hana tangaɗi ba na zaɓi ba ne sai ga ƙananan tireloli.

Tsohon salo shi ne sanduna masu sarƙa a ƙarshe. Ana rataya sarƙar a maƙalin da ke jikin wuya, a ɗaga shi da guntun bututu ya kulle. Akwai masu zagayayyar sanda da ke shiga ta ƙasan kan mahaɗi, akwai kuma masu sanda mai kusurwa huɗu da ke shiga ta gefe. Na biyun sun fi barin sarari tsakaninsu da ƙasa, wanda ke da amfani ga tirela mai gajeren tsayi. Wannan salo shi ne mafi araha, amma shi kaɗai ba ya hana tangaɗi. Sai an ƙara masa wata 'yar sanda mai gogayya a gefe, wadda ke haɗa mahaɗi da wuyan tirela ta ƙananan ƙwallaye biyu. Tana aiki ga ƙaramar tirela, sai dai dole a cire ta kafin ribas mai kaifin kwana don kada ta lanƙwashe, a kuma sassauta ta idan hanya na da santsi.

Salo na biyu ya jefar da sarƙa. Sandunan suna kwanciya kai tsaye a kan maƙalan ƙarfe da ke jikin wuya, nauyin da ke kansu ya sa suna gogar maƙalan, gogayyar kuma ta hana tirela juyawa da sauƙi. Misali, samfurin Fastway e2 yana gogayya a wuri biyu, Equal-i-zer a wuri huɗu domin har kan mahaɗin yana matse sandunan. Husky Center Line da Curt TruTrack duk dangin nan ne. Ana ribas da su ba tare da cire komai ba. Aibinsu ƙara: a kwana suna kuka da ƙarar ƙarfe har mutanen da ke kusa su waiwayo. Ga tirela mai matsakaicin girma, a nan zan fara dubawa, domin suna da sauƙin fahimta, kuma babu abubuwa da yawa da za su lalace.

Wani salon kuma, Reese Strait-Line, yana amfani da wasu ƙusoshi biyu da ke zama cikin lanƙwasar ƙarshen sanduna. Idan tirela ta so kaucewa, sai sandar ta hau kan ƙusar, nauyinta ya tilasta mata komawa tsakiya. Yana riƙe miƙaƙƙiyar hanya da kyau, amma saitinsa na son haƙuri, don idan ƙusoshin ba su zauna daidai ba aikin ya tashi a banza. Blue Ox SwayPro kuma sarƙa yake da ita, amma tsarin kansa da taurin sarƙar ne ke mayar da tirela tsakiya, kuma ba shi da ƙara sosai.

Andersen ya bi wata hanya dabam. Babu sanduna, sai sarƙoƙi biyu da ake ɗaurewa da noti a kan robobi masu tauri, ƙwallon kuma yana zaune cikin wani mazurari mai gogayya. Bai kai kilo 30 ba, ba ya ƙara, ba ya son giris. Ga ƙaramar tirela da motar da ba ta da rarar ɗaukar kaya, wannan sauƙin nauyi babban abu ne. Amma idan wuya ya yi nauyi sosai, ba ya mayar da nauyi gaba kamar yadda sandunan ƙarfe ke yi.

A can sama akwai Hensley Arrow da ProPride 3P. Waɗannan ba gogayya suke dogara da ita ba. Suna da wasu hannuwa masu haɗe da juna da ke sa tirela ta riƙa juyawa tamkar mahaɗinta yana kusa da aksil na bayan mota, saboda haka turin da ya zo daga gefen tirela ba ya iya karkata bayan motar. A wajen hana tangaɗi babu kamarsu. Kuɗinsu ya ninka na sauran sau da yawa, nauyinsu ya kusa kilo 90 wanda duk daga rarar kayanka zai fita, haɗa su da mota kuma sai an koya. Mai doguwar tirela da gajeriyar mota shi ya fi cin moriyarsu.

Abu guda da ya shafi dukkansu: tirelar da aka tara wa kaya a baya, wuyanta ya yi sauƙi, za ta yi tangaɗi ko da wane mahaɗi aka sa mata, sai dai mahaɗin ya ɓoye alamar har gudu ya yi yawa. Lodi da iskar taya da gudu su ne kan gaba. Tayoyin tirela da yawa an ƙayyade musu mil 65 a awa, kusan kilomita 105, sai ka duba jikin naka.

Mataki na biyar: zai shiga kuwa?

Wannan awo ne na minti goma, amma shi ke hana mayar da kaya. Faɗin gidan mahaɗi inci 2 ne a yawancin motoci, inci 2 da rabi ko 3 a manyan a-kori-kura. Girman ƙwallo an buga shi a jikin bakin tirela, galibi inci 2 da 5/16 ga manyan tireloli, inci 2 ga ƙanana. Kada a taɓa sa ƙaramin ƙwallo a babban baki, zai kulle kamar ya zauna, ya fita a kan hanya. Ƙwallon ma yana da tasa lambar nauyi.

Daidaita tirela ta miƙe, ka auna daga ƙasa zuwa saman cikin bakinta. Auna kuma daga ƙasa zuwa saman cikin gidan mahaɗin mota. Bambancin zai nuna maka ƙotar da kake buƙata, wato ƙarfen nan mai jerin huji da ke shiga gidan mahaɗi, ko mai saukowa ko mai hawa. Sau da yawa ƙotar da ke zuwa cikin kwali ba ta isar motar da aka ɗaga ko mai manyan tayoyi.

Sannan duba wuyan tirela. Maƙalan sanduna suna zama kusan santimita 70 zuwa 80 daga tsakiyar ƙwallo, kuma sau da yawa daidai nan ne aka kafa tiren tukwanen gas ko akwatin batir. Auna tsayin ƙarfen firam ɗin ma, ka tabbata maƙalin zai kama shi. Idan tirelarka tana da birkin da ke kama kansa idan ta turo mota, ba na lantarki ba, tambayi kamfanin mahaɗin kai tsaye, domin wasu sandunan suna hana bakin tirela zamewar da birkin ke buƙata.

Mataki na shida: saiti, wanda shi ke nuna ko zaɓin ya yi

A fili mai faɗi, da lodi cikakke a mota da tirela, manna ɗan tef a bakin ramin tayar gaba da na baya, ka auna tsayinsu daga ƙasa kafin a haɗa. Kafa ƙwallo daidai da tsayin bakin tirela ko sama da shi kaɗan, saboda duƙawar da mota za ta yi. Haɗa tirela ba sanduna, ka sake aunawa. A ce gaba ya tashi daga santimita 90 zuwa 93.

Nawa za a dawo da shi? Littafin motarka ne zai faɗa. A da ana cewa a mayar da gaba daidai inda yake. Yanzu kamfanoni da yawa suna cewa rabi, wasu ma rubu'i, domin idan aka kwashe nauyi da yawa daga tayoyin baya, bayan mota na iya zamewa a kwana. Idan littafin ya ce rabi, to 91.5 kake nema. Abin da ba a yarda da shi ba ko'ina shi ne gaba ya sauka ƙasa da inda yake tun farko. Kuma kada ka damu idan bayan mota ya ɗan rage a duƙe, haka ya kamata. Wanda ya nace sai mota ta miƙe tsaf yakan ɗaure sanduna fiye da kima.

Ana ƙara ƙarfin sanduna ta hanyar karkata kan mahaɗi baya, galibi da ƙara washa, ko ta ɗaga maƙalan, ko rage zoben sarƙa. Fara da karkata kai, domin ana son sanduna su kasance a layi ɗaya da firam ɗin tirela. Ga masu sarƙa, bar aƙalla zobe biyar tsakanin sanda da maƙali don su samu sararin motsi a kwana. Bayan an gama, tirelar ta kasance a miƙe ko gabanta ya ɗan sunkuya, kada ya ɗaga.

Wajen ɗaure sanduna da kwance su, kulle bakin tirela a kan ƙwallo, sannan ka ɗaga tirela da bayan mota tare da jak ɗin wuya har sandunan su shiga ba tare da kokawa ba. Sandar da ke ɗaure tana riƙe da ƙarfi mai yawa, kuma bututun ɗagawa da ya kuɓuce yana iya karya ƙafa ko hannu. Notin ƙwallo yana son ɗauri kusan Nm 600 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) a manyan ƙwallaye, abin da sifanar gida ba za ta kai ba, don haka a kai wa bakanike mai sifanar awon ɗauri. Idan motarka tana daidaita tsayinta da iska da kanta, awon tef zai ruɗe ka, bi tsarin da littafinta ya shimfiɗa ko ka dogara da sikeli. Jakunkunan iska da ake ƙarawa a baya kuwa suna ɗaga bayan mota ne kawai, ba sa mayar da nauyi kan tayoyin gaba.

Daga nan koma babban sikeli karo na uku, da sanduna a ɗaure. A misalinmu za ka so ganin wani abu kamar gaba 1,390, baya 1,550, tirela 2,560. Jimlar ba ta sauya ba, kilo 5,500 ce, amma kilo 110 ya bar aksil na baya, 70 ya koma gaba, 40 ya tafi tirela. Gwada kowace lamba da GAWR da GVWR na sitika. Idan ka ɗaure har iyaka gaba bai dawo yadda littafi ya ce ba, sandunan sun yi rauni ko wuyan ya fi ƙarfin motar.

Bayan tafiyar farko sake duba ɗaurin notoci, domin sabon ƙarfe yana zama, maƙalai kuma sukan zame a jikin firam. Shafa giris a ƙwallo da wurin da sanduna ke juyawa a kan mahaɗi, amma kada ka shafa a wurin gogayya sai kamfanin ya ce a yi, Andersen kuwa ba a sa masa ko kaɗan. Idan za ka bi hanya mai zurfin kwari, ko mashiga mai tudu sosai inda gaban mota zai hau sama yayin da tirela ke ƙasa, kwance sandunan ka wuce a hankali, domin a irin wannan wuri nauyin da ke kansu yana ninkuwa. Duk lokacin da ka ƙara batir na biyu, ko ka rataya kekuna a bayan tirela, ko ka sauya mota, awon tef da na sikeli sai an sake su daga farko.